Yatsu Uku Tsakanina da Baba Alkasum

Tun da na dawo daga Tawa bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wurin mai shayi a tare ni, har wanda ko gaisuwa ba ta haɗa mu sai ya ja birki ya ce, "Ummaru, wai da gaske an tafa maka a ƙasar waje?" Labarin har ya fara canza kama a bakin mutane, don jiya na ji wani yana rantsuwa a jirgin sama aka kai ni. To ga shi na zauna na rubuta yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in yi saƙata.

Ga wanda bai san ni ba, ni masaƙi ne, gadon gidanmu ke nan, kuma ni kaɗai na rage a unguwarmu da ke zama bakin masaƙa. Gajere ne ni, ba na ɓoyewa, don ko na ɓoye za a gani. Shekara da shekaru abokaina na yi mini tsiya wai gwadona ba ya rufe ƙafa. Ni kuwa amsata ɗaya ce: kamun da ka ce shi na ba ka, in ƙafarka ta leƙo waje ka tuhumi ƙafarka.

Da damina ne Malam Nasiru ya same ni. Ma'aikaci ne a hukumar gwamnati da ke tallafa wa masu fasaha a wajenmu, mutumin kirki, sai dai akwai son dogon bayani. Ya ce hukumarsu da takwararta ta can Tawa sun haɗa asusu ɗaya, kowa ya zuba rabi, da sharaɗin ba za a taɓa shi ba sai ga aikin da hannun mutanen ƙasashen biyu ya shiga. Gwaji ne, kuma da saƙa za a fara. Zane ɗaya babba ake so na ratayewa a bango, falle goma sha biyu: shida baƙin saƙi daga gare ni, shida farare daga wani dattijo a arewacin Adar, yankin da Tawa take, a jera baƙi da fari a ɗinke. Ranar da za a rataye shi shugabannin hukumomin biyu za su zo su gani. A nan za su yanke ko a ci gaba da marina da dukawa da makaɗa, ko kowa ya kwashe rabinsa ya koma gida.

Na ce, "Tsawon fa?"

Ya ce ai wannan ita ta fi ba su wahala. Namu sun ce a rubuta da yadi, nasu sun ce su mita suka sani, aka kwashe zama biyu ana ja-in-ja. Sai wani mai basira ya ce masaƙan nan ba ruwansu da yadi ko mita, a rubuta musu da abin da kakanninmu duka suka sani. Aka rubuta kamu takwas, kowa ya ji daɗi. Ni ma na ce madalla. Na saƙa abina, na aza gwiwar hannu na auna zuwa kan yatsa sau takwas, na yanke, har falle shida suka cika cif, ko taƙi bai yi saura ba.

Ran Talata bayan an gama girbi muka tashi, ni da Malam Nasiru. Mudi marini, wanda ya rina mini zaren, shi ya ɗauko mini ƙunshin har tasha. Da zan shiga mota ya riƙe mini hannu ya ce, "Ummaru, mu marina mu ne na gaba a layi. In ka ɓata muna, ka nemi gida can ka zauna." Dariya yake yi, amma na san karofinsu ya kusa zama wurin zuba shara, kuma sun sa rai. Maganar nan ta bi ni har iyaka.

A motar Illela direba ya dube ni sama da ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce in shiga gaba tsakaninsa da wani Alhaji mai ƙiba, wai ni ne daidai wurin. Duk sanda zai canza giya sai na ɗaga gwiwa. Malam Nasiru yana baya yana haddar Faransanci daga wayarsa da ƙarfi, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko addu'ar tafiya ce a koya mata.

A iyaka aka sauke mu. Wajen namu ba a daɗe ba. Da muka taka ɓangaren Ƙonni, wani jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, ya nuna ƙunshina da baki. Malam Nasiru ya gyara hula ya saki Faransancin da ya kwana biyu yana tanadi. Mutumin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, yi Hausa mu ji juna, rana na yi." Wallahi sai da na juya baya don kada Malam Nasiru ya ga haƙorana.

Jami'in ya kwance ƙunshin ya ce wannan kayan sayarwa ne. Raina ya fara ɓaci, don ni ba a taɓa mini saƙa da hannun da ban san inda ya fito ba. Malam Nasiru ya miƙa takarda mai hatimin hukumomin biyu. Amma ba takardar ce ta cece mu ba. Mutumin ya ɗaga falle ɗaya ya kai hanci, ya shaƙi warin baba. Ya ce kakansa masaƙi ne, haka ɗakinsa ke wari. Da kansa ya naɗe mini, kuma naɗin wanda ya iya, ya ce, "Allah shi ba da sa'a, Baba." Ni da ko furfurar kirki ban tara ba.

Daga Ƙonni zuwa Tawa ba abin da zan ce sai tsayawa. A tsaya jandarma su duba takarda, a tsaya a ɗauki mai buhu, a tsaya a sauke mai akuya. Abin da na lura shi ne mutanen can suna girmama hatimi. Mu nan a ce ka san wane, can kuwa a ce ina takardarka, kuma in an ga hatimi a kai har fuska ake saki. La'asar sakaliya muka shiga Tawa, 'yan kabu-kabu suka yanyame mu, su ne 'yan acaɓarsu. Wanda ya ɗauke ni ya ɗaure wani dogon burodi a gaban babur kamar sandar makiyayi. Na ce wannan na mutum nawa ne? Ya ce nashi ne shi kaɗai, na safe.

An sauke mu a wani gidan baƙi mai tsabta, da bishiyar dogonyaro a tsakar gida. Mai gidan ta kawo mana tuwon hatsi da wani romon kai da ƙafa da suke ce wa malku, na ci har na ji kunyar Malam Nasiru, sannan na ga shi ma bai ɗago ba. Bayan nan aka kawo shayi da wani abu fari, shafal, busasshe, mai zanen tabarma a jiki. Na ɗauka matashin kofi ne, na aza kofina a kai. Ashe cuku ne, na nonon da Buzaye ke busarwa, a shayi ake tsoma shi a ci. Matar ta yi dariya har ta dafa bango. Na kurɓe kofin na miƙe zan yi godiya, ta ce ina za ni, ai saura biyu, ba a tashi a na fari. Na koma na zauna, kuma daga ranar ban sake gardama da shayinsu ba.

Da safe muka je ofis muka ga Madam Hadiza, ita ce takwarar Malam Nasiru. Sun yi wata huɗu suna magana a waya ba su taɓa ganin juna ba. Mace ce mai zafin nama, tana tafe tana magana, hatiminta a cikin jakar hannu. Ta buga wa takardarmu, ta ce Asabar ne bikin, yau Laraba, don haka mu kama hanya yanzu a haɗa zanen a ɗinke. Muka shiga motar ofis muka yi arewa, ta wajen Affala. Ƙasa ce mai duwatsu, har ka yi mamakin inda hatsi ke samun wurin fitowa, amma ga rumbunan ƙasa nan manya-manya kamar tulunan ƙattai, kuma an cika su.

Ƙauyen ƙarami ne, kuma duk sun san da zuwanmu. Da Baba Alkasum, masaƙin nasu, ya fito daga zaure sai da ya sunkuya. Jama'a, na ga dogaye a rayuwata, amma wannan dattijo sai da na ɗaga kai hulata ta nemi faɗuwa. Siriri ne, fari fat da gemu, yana ɗan kanne ido in zai dubi mutum. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya shafa kantar da ƙoshiyar saƙa ta yi mini, ya ce, "Wanga hannu na sani. Sannu da zuwa, ƙanena." Nan take na ji kamar gidan kawuna na zo.

Matarsa Inna Hajo ta kawo fura mai sanyi, muka sha, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ya fito da nasa. Farin nan sumul, ba ƙulli ko ɗaya, kuma a kai da gindin kowane falle ya saƙa wani ado na ƙananan siffofin dala masu hawa kan juna wanda ban taɓa gani ba. Na shimfiɗa baƙi kusa da fari, muka daidaita kai, na bi ina lallashewa zuwa gindi. Sai baƙi ya ƙare, fari bai ƙare ba. Ya wuce ni da kusan kamu guda. Na ɗauko na biyu, haka. Na uku, haka.

Madam Hadiza ta zaro tef daga jaka, Malam Nasiru ma ya zaro nasa, kowa ya durƙusa yana auna na ɗan ƙasarsa, wannan na kiran lamba da Faransanci, wancan da Turanci. Ta ce takardarsu kamu takwas ta ce. Ya ce tasu ma haka. Ta ce to wani bai cika ba. Nan fa jinina ya hau. Na ce, "Madam, a yi mini komai amma kada a ce na ci kamu! Shekara talatin ina saƙa, ba wanda ya taɓa kai ni gaban mai unguwa." Ina magana ina ganin fuskar Mudi a raina.

Baba Alkasum ya yafuto ni, ya durƙusa, ya aza gwiwar hannunsa a kan turmi ya ce in aza tawa. Muka haɗa hannu, tafi da tafi. Yatsunsa suka wuce nawa da faɗin yatsu uku. Ya ce, "Naka takwas, nawa takwas. Ba wanda yac ci wani." Inna Hajo ce ta fara fashewa da dariya, sai matan da ke leƙe ta katanga, sai kowa. Manyan ma'aikata sun yi zama biyu sun zaɓi kamu, ba wanda ya tambaya hannun wa. Ni ma na yi dariyar, amma a cikina na tuna duk wanda ya taɓa ce mini gwadona ba ya rufe ƙafa.

Dariya ta ƙare, zane bai haɗu ba. Madam Hadiza ta dubi agogo ta ce hanya ɗaya ce, a rage fararen. Baba Alkasum ya ce, "To, a kawo almakashi." Haka kawai, kamar an ce a kawo ruwa. Ya kama gindin falle daidai inda adon nan yake, yana laluben wurin yanka da yatsa. Sai Inna Hajo ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Wata ukku ya yi kansu. Idon ya tafi, da lalube ya saƙa. Adon ga na ubanshi ne, ɗiyanmu kuwa duk suna Abijan, ba mai so. Ya ce daga wanga ya aje."

Ban san sanda na riƙe almakashin ba. Na ce, "Baba, in aka yanke wannan, ni ma a yanke mini hannu." Ya ce to ƙaƙa za a yi, baƙo ba ya komawa da kunya daga gidansa. Na ce ba naka ne ya yi yawa ba, nawa ne bai kai ba, kuma abin da bai kai ba ƙara shi ake yi. A ba ni masaƙa da zare, in saƙa kamu shida in yanka shida, a ɗora wa kowane baƙi. Malam Nasiru ya ce kwana biyu fa ya rage. Na ce ya je ya ci gaba da Faransancinsa ya bar mu.

Matsalar ita ce zare. Baƙi babu, farin ma ɗan na wadari ne ya rage, wato zaren tsaye. Inna Hajo ta yafa mayafi ta fita. Kafin la'asar mata suka fara shigowa, kowa da abin da ta samu a ƙasan kwalla: ja, kore, rawaya, ragowar na ɗinkin hula da na adon faifai. Wata tsohuwa ta kawo ɗan ƙulli da bai fi ƙwan zabo ba, ta ce sai an sa nata a inda za a gani. Muka yi wadari ni da Baba kafin magariba, yana taku ɗaya ina yin biyu.

Ran Alhamis ana sallame asuba muka zauna. Sai ga wata sabuwa: masaƙar Baba don ƙafafun Baba aka kafa ta. Na zauna na miƙe ƙafa iya miƙewa, matakan na can nesa suna kallona. Rabin ƙauye na tsaye, har da mai garin. Aka cusa mini buhun ƙaiƙayi a baya, Baba ya rage igiyoyi yana ƙyaƙyata, kafin na samu na taka. Daga nan aiki ya kankama. Ni na zura zare a inda idonsa ba ya gani, shi kuwa ya zauna dab da kafaɗata yana ƙirga mini adon ubansa: ɗaga uku, bar biyu, koma. In na kuskure, kafin in gani ya ji a ƙarar ƙoshiya, sai ya taɓa mini gwiwa. In bayana ya gaji ya karɓa, a sake kwance igiya, in ya gaji in karɓa, a sake ɗaurewa. Madam Hadiza da Malam Nasiru suka ajiye tef, ita tana warware zare shi yana naɗewa, suna ta musun wanda ya fara kawo shawarar kamu. Rabona da jin daɗin aiki irin na ranar tun mahaifina na da rai.

Rana na faɗuwa muka yanke na shida. Juma'a, daga safe har aka tafi masallaci, da bayan an sauko, mutum biyar muna ɗinki. Da aka ɗaga zanen a tsakar gida, fari da baƙi suka sauko tare, ga gindin kowane baƙi da ƙari mai launi, adon uban Baba ya bi fari ya bi launi ya tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan bai yanke ba. Tsohuwar nan ta zo ta nemo jan zarenta ta nuna wa kowa.

Ran Asabar aka rataye shi a wani babban zaure a Tawa. Shugabannin biyu suka zo da jama'arsu, aka yi jawabai da harshe uku. Namu ya tsaya gaban zanen ya daɗe, ya ce wannan launin na ƙasa ba ya cikin takarda, me yake nufi? Malam Nasiru ya gyara murya ya fara, wai alama ce ta haɗuwar al'ummomi tun zamanin kakanni. Baba Alkasum ya katse shi ya ce, "Ranka shi daɗe, ba haka ba ne. Hannuna ya ɗara nashi, shi ke nan." Ya jawo ni gaban mutane, muka haɗa gwiwa da gwiwa a kan tebur. Zauren ya ɗauki dariya da tafi, shugabar tasu har tana share hawaye. To wannan shi ne tafin da kuke tambaya, da ni da hannuna aka yi wa.

A gabanmu suka sa hannu za a ci gaba, marina ne na gaba. Shugabar ta ce a ƙara layi ɗaya a takardar: daga yau, kafin a fara kowane aiki, sai an fara haɗa masu sana'ar biyu sun ga juna sun ci abinci tare. Madam Hadiza ta zaro hatimi ta buga. Zanen kuma wata shida can, wata shida nan, don haka za ku gan shi da idonku.

Da za mu rabu a tasha, Baba ya fito da karan hatsi biyu daga cikin riga. Ya auna ɗaya da hannuna ya karya ya riƙe, ya auna ɗaya da nasa ya ba ni. A iyaka jami'in nan ya gan ni rungume da kara ya ce wannan fa? Na ce kamun yayana ne. Bai buɗe mini kaya ba. Mudi kuwa tun daga bakin tasha ya karanta fuskata, ya ɗaga ni sama gaban mutane, abin da na gaya masa kada ya sake.

Da na huta na kafa sabon wadari, na ajiye hannuna gefe na auna da karan Baba. Na saƙa gwado, na sa adon ubansa a kai da gindi, ni kaɗai, ba mai taɓa mini gwiwa. Na ba direban Ƙonni ya kai wa Madam Hadiza, ita ta kai ƙauye. Shekaranjiya ina bakin masaƙa waya ta yi ƙara, Madam Hadiza ce, ta ce ga Baba. Muka gaisa, na tambayi Inna Hajo. Ya ce bai iya ganin adon ba, amma ya bi shi da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, bai sami inda zai gyara ba. 

Sai ya ce, "Ummaru, kana ji na?"

Na ce, "Ina ji, Baba."

Ya ce, "Kuma ya rufe min ƙafa."